Ƙwayar kansa da ake sha a gida: wa take yi wa aiki?

Kwanakin baya wajen ƙarfe sha ɗaya na dare wata yayata, 'yar wan babanmu, ta turo min hoton wani kwalin magani a WhatsApp, sai kuma ta biyo shi da saƙon murya. Ta ce, "Ƙanina don Allah duba min wannan, an ce sabon maganin kansa ne, ƙwaya ce kawai ake sha a gida, ba kemo ba zubewar gashi, kuma akwai mai tafiya Indiya sati mai zuwa, in ka ga ya yi sai mu haɗa kuɗi a sayo wa Inna." Inna kuwa kansar mama ce take fama da ita kuma ta riga ta kai ƙashin baya. Na buɗe hoton na ƙara masa girma, sai na ga an rubuta osimertinib 80mg. Maganin gaske ne, ba na 'yan tallan cikin mota ba, yana ma cikin mafi kyawun abin da aka samu a shekarun nan. Amma na kansar huhu ne, a kansar huhun ma sai wadda aka gwada aka ga tana ɗauke da wata takamaimiyar ɓarna. Da an sayo wa Inna shi da kuɗin ya tafi, ga gudawa da ƙuraje da zai iya sa mata, ciwon kuma ko gezau.

Wallahi ban ga laifin yayata ba ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai shan kemo, ya ga aman nan da bakin da ke fashewa da yadda mutum ke komawa kamar ba shi ba, in aka ce masa ga ƙwaya guda ɗaya da za a haɗiya da ruwa a ɗaki dole hankalinsa ya tafi can. Kuma irin waɗannan magunguna akwai su, suna aiki, wasu ma aikin da suke yi sai ka riƙe baki. Abin da ba a cika yi wa mutane bayani ba shi ne yadda suke aikin, don a nan ne za ka gane dalilin da ya sa ƙwayar da ta tashi wani daga gadon mutuwa ba za ta yi wa maƙwabcinsa komai ba ko da sunan ciwonsu ɗaya.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan halittu da ake kira sel, kuma kusan kowane sel yana ɗauke da rubutaccen umarni a cikinsa, shi ne DNA, an naɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake ce wa kuromosom, biyu-biyu har 23. A cikin rubutun nan akwai sassa wajen 20,000, su ne muke kira ƙwayoyin gado, kowanne da aikin da yake ba da umarni a yi. Wasu aikinsu su ce wa sel ka rabu biyu, wasu su ce tsaya haka ya isa. Ka ɗauke shi kamar babur, akwai totur akwai birki. To a wasu kansoshin abin da ke faruwa shi ne totur guda ɗaya ne ya maƙale, injin yana ta ihu ba mai iya sassauta shi, sel yana ta rabuwa dare da rana. Kemo ba ruwanta da wane totur ne ya maƙale, ita duk abin da ta ga yana saurin rabuwa take kai wa duka, shi ya sa take haɗawa da gashi da fatar baki da hanji da ɓargo, don su ma masu saurin rabuwa ne. Waɗannan sabbin ƙwayoyin kuwa an ƙera kowacce ne daidai da siffar totur ɗaya, ta je ta toshe inda makamashi yake shigar masa, injin ya mutu. In kansarka ba wannan totur ɗin ne ke tuƙa ta ba, ƙwayar za ta shiga jiki ta zaga ta fita ba ta sami abin kamawa ba.

A nan akwai wani abu da nake so a fahimta sosai don na ga yana neman raba aure da hana aure. Da an ce ciwon daga ƙwayoyin gado yake sai mutane su ɗauka irin sikila ce, wato daga iyaye aka kwaso kuma za a ba 'ya'ya. Mafi yawan ɓarnar da ake magana a kai ba haka take ba. Tana faruwa ne a cikin sel guda ɗaya bayan an haifi mutum, wani lokaci yana da shekara talatin ko hamsin, kuma a cikin ƙarin kawai take, wato kumburin kansar, babu ita a sauran jikinsa, babu ita a maniyyi ko ƙwan mace, saboda haka ba ya ba ɗansa. Akwai 'yan kaɗan da ake gada da gaske, kamar BRCA, zan zo kansu, amma su daban ne.

Labarin ya faro ne da wata kansar jini da likitoci ke kira CML. A 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa masu wannan ciwo suna da wani kuromosom ɗan guntu da bai kai tsawon da ya kamata ba. Aka sa masa sunan garin, aka kuma yi shekara 13 ba a san me ya gutsure shi ba, sai a 1973 wata likita a Chicago, Janet Rowley, ta gano cewa musaya aka yi, kuromosom na 9 da na 22 ne suka karye kowanne ya ɗauki guntun ɗan'uwansa. A daidai inda suka haɗe sai ƙwayoyin gado biyu da ba su da wata alaƙa, BCR da ABL, suka manne suka zama abu ɗaya, kuma wannan haɗin shi ne totur ɗin da ya maƙale. Ɓargo sai ya yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini ba ƙaƙƙautawa, saifa ta kumbura har ta cika gefen hagu na ciki, mutum ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi, ga zufar dare ga rama. A wancan zamani galibi shekara 3 zuwa 5 ake yi, daga nan ciwon ya rikiɗe ya zama mai zafi ya tafi da mutum cikin 'yan watanni, sai fa wanda ya samu dashen ɓargo kuma ya tsallake haɗarinsa.

Wani likita a jihar Oregon mai suna Brian Druker da wani masanin haɗa magunguna, Nicholas Lydon, na kamfanin Ciba-Geigy wanda daga baya ya zama Novartis, su ne suka nace a kan cewa za a iya toshe wannan totur ɗin shi kaɗai. Aka fara gwada maganin a jikin mutane a 1998. Cikin mutum 54 da suka sha 300mg ko sama da haka, 53 jininsu ya dawo daidai, yawancinsu cikin sati huɗu, kuma mutane ne da allurar interferon, maganin da ake ba masu CML a lokacin, ta riga ta gaza a kansu. A watan Mayun 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, sunansa imatinib, a kasuwa kuma Gleevec ko Glivec. Da aka bi sawun waɗanda suka fara da shi a babban gwajin da ake kira IRIS, bayan shekara goma kashi 83 cikin 100 suna raye. Ciwon da ake lissafa wa mutum shekarun da suka rage masa a yatsun hannu ɗaya ya koma kamar hawan jini, ka sha ƙwayarka 400mg kullum bayan ka ci abinci, da babban kofi na ruwa, ka tafi kasuwarka.

Wannan ba labarin Turai kaɗai ba ne, ya iso mu. Tun 2003 aka fara raba imatinib kyauta a Najeriya a asibitin koyarwa na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin wani shiri na Novartis da gidauniyar Max, kuma shekaru masu yawa duk mai CML a ƙasar nan can yake nufa, daga Sakkwato ne ko daga Maiduguri. Abin da likitocin can suka lura da shi kuma yana da ban tausayi, masu ciwon a nan yawancinsu ba su kai shekara 40 ba, alhali a Amurka ciwon 'yan sama da sittin ne. Wato magidanta ne masu ƙananan yara. Na san wani bawan Allah a unguwarmu, tela ne, ya yi wajen shekara ana yi masa maganin taifot da maleriya da shawara, har saƙiya aka so yi masa a gefen ciki saboda kumburin saifa, kafin wani likita ya sa a ƙirga jininsa a ga fararen sun ninka ƙa'ida sau da yawa. Bayan ya fara ƙwayar da 'yan watanni cikin ya sace, ya koma kan kekensa. Abin da ya fi damunsa a lokacin har ya zo yana tambayata shi ne fatarsa ta yi haske, mutane sun fara yi masa kallon mai shafa man bilicin, ga kumburin ƙasan ido da safe da ɗaurewar jijiyar ƙafa cikin dare. Duk ukun sanannun illolin imatinib ne, hasken fatar ma an fi ganinsa a jikin baƙar fata, don maganin yana taɓa wani totur ɗin daban mai suna KIT wanda ke da hannu wajen yin launin fata. Wannan KIT ɗin kuma shi ne ke tuƙa wata kansar ciki da hanji da ake kira GIST, wadda kemo ba ta yi mata komai, shi ya sa a 2002 aka amince a riƙa ba masu ita imatinib ɗin.

Sai dai fa nasarar imatinib ta ɗan ruɗi duniya, har da likitoci. CML a farkonta totur ɗaya ne tak ya lalace, sauran injin lafiya lau. Kansar da ta yi nisa a huhu ko hanji ko mama kuwa ta tara ɓarna iri-iri, kuma a cikin ƙari ɗaya akwai biliyoyin sel da ba duka suke kama da juna ba. Ko ita CML ɗin in aka bari ta rikiɗe ta kai matakin ƙarshe, imatinib yana kwantar da ita ne na ɗan lokaci ta sake tashi.

Kansar huhu ita ce misalin da ya fi nuna alherin abin da kuma iyakarsa. An fara ba mutane wata ƙwaya mai suna gefitinib kowa da kowa, aka ga yawancinsu ba ta yi musu komai, amma 'yan kaɗan sai ka ga mutumin da ke kan iskar oksijin ya tashi ya fara yawo cikin sati biyu. A 2004 masu bincike a Boston suka gano sirrin, waɗanda take yi wa aiki suna da ɓarna a wani wuri da ake kira EGFR. An fi samunta a mata, da waɗanda ba su taɓa shan taba ba, da mutanen gabashin Asiya inda takan kai kusan rabin masu nau'in kansar huhun da aka fi samu, a Turawa kuwa kashi 10 zuwa 15 ne. Osimertinib ɗin da yayata ta turo min jikan wannan maganin ne. A gwajin da aka yi da mutum 556, waɗanda suka sha shi sun yi kimanin wata 19 kafin ciwon ya ci gaba, masu shan tsofaffin ƙwayoyin wata 10, tsawon rayuwa kuma wata 38.6 da wata 31.8. Ka duba alƙaluman nan da kyau. Shekara uku da 'yan kai ga mutumin da kafin zuwan irin waɗannan ƙwayoyi ba ya cika shekara, kuma shekarun da zai yi a gidansa yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ya ga auren 'yarsa, ba ƙaramin abu ba ne kuma ba zan taɓa raina shi ba. Amma ba warkewa ba ce, kuma duk mai sayar da magani da ya ce maka warkewa ce to kuɗinka yake so. Akwai inda aka fi haka samun nasara, masu ɓarnar ALK, wadda wani ɗan Japan Hiroyuki Mano ya gano a kansar huhu a 2007, da aka ba su lorlatinib kashi 60 cikin 100 sun kai shekara biyar ciwon bai motsa ba, masu shan tsohon maganin crizotinib kuwa kashi 8 ne kacal.

Me ya sa yake daina aiki? Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san labarin kulorokwin, yadda a da ƙwaya kaɗan ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro, daga baya aka wayi gari ko ka sha ba ya jin komai. Kusan haka ne. Maganin yana kashe duk sel ɗin da yake iya kamawa, amma a cikin biliyoyin nan akwai 'yan tsiraru da siffar totur ɗinsu ta ɗan sauya ta yadda ƙwayar ba ta zama daram, ko kuma sun buɗe wata ɓarauniyar hanya ta samun umarnin rabuwa. Da an share musu fili sai su yaɗu. Har sunaye aka ba irin waɗannan sauye-sauyen, a CML akwai T315I, a huhu akwai T790M, kuma saboda su ne ake ta ƙero magani na biyu da na uku, dasatinib a 2006, nilotinib a 2007, ponatinib a 2012 wanda shi ke iya kama T315I. Shi ya sa in ciwon ya dawo likitan kirki zai so a sake gwaji a ga me ya canza, kafin a yi maganar ƙara yawan ƙwaya ko canza ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan fage shi ne larotrectinib, wanda ake sayarwa da sunan Vitrakvi. Tun da aka fara maganin kansa ana raba ta ne da inda ta fito, ta mama daban, ta huhu daban, ta hanji daban. Shi wannan da aka amince da shi a Amurka a watan Nuwamban 2018, ba a tambayar ina ƙarin yake, abin tambaya kawai shi ne yana ɗauke da haɗin NTRK, wato mannewar ƙwayoyin gado biyu irin ta BCR da ABL, ko babu. An gwada shi a mutum 55 masu kansa iri 17, daga jariri ɗan wata huɗu har dattijo ɗan shekara 76, kashi 75 cikin 100 ƙarinsu ya motse sosai. Akwai yaran da aka riga aka yi maganar yanke musu hannu ko ƙafa saboda wata kansar tsoka ta jarirai, suka sha maganin na ruwa ƙarin ya ƙanƙance har aka iya cire shi ba tare da an taɓa gaɓar ba. Babba yana shan 100mg safe da yamma, yakan sa jiri da ƙiba da taɓa hanta, wasu kuma in suka tsallake sha sai ciwon jiki ya taso musu. Matsalar ita ce a kansoshin da muka saba gani, huhu da hanji da mama, ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya ɗauke da NTRK, sai a wasu nau'o'i da ba kasafai ake ganinsu ba ne takan haura kashi 90. Wato sai ka gwada mutum ɗaruruwa kafin ka samu 'yan kaɗan, kuma farashin da aka sa masa da ya fito dala 32,800 ne a wata. A wata fa, ba shekara ba. Ka buga da canjin yau ka gani.

Kuma kar a ɗauka ko yaushe inda ƙarin yake ba shi da muhimmanci. Akwai ɓarnar BRAF, in a kansar fata take, ƙwayar vemurafenib tana motsar da ƙarin kusan rabin masu sha, amma ɓarnar nan dai ita ɗin ce a kansar hanji da aka ba su ƙwayar wajen kashi 5 ne kawai suka amsa, don sel ɗin hanji yana da wata hanyar zagaye da yake kunnawa nan take, sai da aka haɗa magani biyu aka toshe duka hanyoyin sannan aka ga haske. Don haka ko takardar gwaji ta nuna an samu ɓarna, fassara ta aikin likitan kansa ne, ba na mai kemis ba, ba na ɗan'uwa mai waya a hannu irina ba.

Duk wannan ya dawo da mu kan gwaji, kuma a nan ne gizo yake saƙar a wajenmu. Ba a gane waɗannan ɓarnar da hoto ko sikanin, yawanci sai an ɗebi ɗan naman ƙarin an kai ɗakin gwaji. Mutanenmu da yawa suna gudun wannan saboda maganar nan da ta zauna a zukata cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya fantsama. Abin da ke faruwa a gaskiya shi ne ana zuwa asibiti ne bayan ciwon ya riga ya bazu, sai a ɗebi nama, bayan wata biyu jiki ya rikice, sai a ɗora wa allurar laifi. In an ɗebi naman ana daskarar da shi cikin wani ɗan bulo na kaki mai kamar girman akwatin ashana, kuma wannan bulon dukiya ce, ana iya yanko shi a sake gwaji bayan shekaru, ana iya aika shi wani gari ko wata ƙasa ba sai mara lafiya ya yi tafiyar ba. Iyalai da yawa ba su ma san yana nan ba balle su tambaya. Gwaje-gwajen kuma hawa-hawa ne, akwai na rini da ake dubawa a madubin likita wanda shi ne mafi sauƙin kuɗi, akwai PCR mai neman ɓarna ɗaya da aka sani, akwai kuma babban da ke karanta ɗaruruwan ƙwayoyin gado a lokaci ɗaya, shi ne mai tsadar kuma sau da yawa sai an fitar da samfurin waje. Wani abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne na'urar GeneXpert da aka baza a asibitocinmu don gwajin tarin fuka, ita ɗin dai tana iya auna BCR-ABL a jini in aka samu kwanson gwajin da ya dace. Injin yana nan, kayan aikin ne da kuɗinsu ake nema.

Tunda na ambaci tarin fuka bari in faɗi wani abu da ke ci min rai. Mutum zai zo da tari da rama da jini a majina, ba ya shan taba, sai a ɗora shi kan maganin tibi wata shida ko da gwajin majina bai nuna komai ba, in bai ji sauƙi ba a ce ko mai taurin kai ce, kafin a yi tunanin kansa an ci wata tara. Alhali wanda ba ya shan taba ɗin nan shi ne ya fi yiwuwar ɗauke da EGFR ko ALK, wato shi ne ƙwayar za ta fi yi wa amfani. Sannan rifampicin, jan maganin tibi ɗin nan mai sa fitsari ya yi ja, yana sa hanta ta riƙa narkar da imatinib da osimertinib da larotrectinib da sauri har yawancin maganin ya salwanta kafin ya yi aiki. Magungunan olsa irin su omeprazole da muke sha kamar gyaɗa suna hana gefitinib da erlotinib da dasatinib shiga jini yadda ya kamata. Wasu magungunan ƙanjamau kuma akasin haka suke yi, su sa maganin ya taru ya yi yawa. Ga kuma jiƙe-jiƙe da sassaƙe da 'yan dubiya ke kawowa, kowa da nasa, ba wanda ya san me za su yi wa hantar da ke fama da ƙwaya mai ƙarfi. Duk abin da mara lafiya yake sha, har na gargajiyan, a zuba a leda a kai wa likita ya gani, ba abin kunya ba ne.

Sauƙin shan magani a gida shi ne kuma haɗarinsa. Kemo nas ce take ɗaura maka, in ba ka zo ba an sani. Ƙwaya kuwa daga kai sai Allah. A asibitin Hammersmith na Landan an taɓa ba masu CML 87 kwalaben da murfinsu ke ƙirga duk buɗewar da aka yi, sai aka ga waɗanda suke shan sama da kashi 90 na ƙwayoyinsu kusan 95 cikin 100 sun kai matakin da ake so ciwon ya lafa, waɗanda suke ƙasa da haka kuwa 28 ne. Tsallake kwana uku ko huɗu a wata kenan fa. Yanzu ka kawo wannan gida, inda mutum zai ji sauƙi ya ce ya warke, ko kuɗin mota ya gagara, ko ya riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata, ko azumi ya zo ya rasa yadda zai yi da nilotinib da ake sha sau biyu a rana kuma dole ciki ba abinci. Duk waɗannan abubuwa ne da ake zama da likita a tsara tun kafin lokacin ya zo. Haka maganar ciki, imatinib yana iya yi wa ɗan tayi illa, to matar da ke son haihuwa kar ta ɓoye kuma kar ta daina sha da kanta, akwai yadda ake shirya abin. Gaskiya ne a Faransa an gwada dakatar da maganin ga waɗanda ciwon ya ɓace daga jininsu shekaru, wajen kashi 40 suka zauna lafiya ba magani, amma sauran ya dawo musu yawanci cikin wata shida, kuma an yi hakan ne ana auna jininsu duk wata.

Maganar kuɗi kuwa ita ce ke sa ni rasa barci. Imatinib ya fito a kan dala dubu ashirin da wani abu a shekara, zuwa 2012 ya kai 92,000 alhali maganin bai canza ba, har sai da likitocin CML sama da 100 suka haɗu suka rubuta ƙorafi a 2013. A wannan shekarar ce kuma ranar 1 ga Afrilu kotun ƙolin Indiya ta ƙi ba Novartis haƙƙin mallakar Glivec, abin da ya bar kamfanonin Indiya suka ci gaba da yin nasu mai araha, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa imatinib a jerin magungunan da bai kamata a rasa a kowace ƙasa ba. Ni a ganina hukuncin nan na Indiya ya ceci rayukan talakawa fiye da wasu sabbin magungunan da aka ƙirƙiro bayansa, don maganin da ba ka iya saya da babu shi duk ɗaya ne. Sai dai inda tsada take nan 'yan jabu suke, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wani ponatinib na jabu da aka kama yana yawo, da aka auna shi farasitamol ne a ciki. Saboda haka saƙon "akwai mai zuwa Indiya" shi ma sai an san daga hannun wa za a karɓo.

Ita kuwa Inna, abin da na ce wa yayata a daren nan shi ne, "Yaya, kafin a sayi komai a nemo takardar gwajin naman da aka ɗiba, a duba ko an yi mata ER da PR da HER2." Waɗannan ukun su ne ke raba kansar mama gida-gida. In ƙarin yana cin abinci ne daga sinadarin mata, abin da gwajin ER da PR ke nunawa kenan, akwai ƙwayoyi irin tamoxifen da letrozole da suka daɗe a kasuwa, kuɗinsu bai kai ko kusa da na wancan kwalin ba, kuma suna iya riƙe ciwon da ya kai ƙashi tsawon lokaci. In HER2 ce, wadda ita ma wani totur ne, akwai nata maganin daban. Sannan ga BRCA ɗin da na ce zan dawo kanta, wadda ita ake gada da gaske, kuma ta shafe mu fiye da yadda ake zato, don binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan kan mata 1,136 masu kansar mama, wanda ya fito a 2018, ya nuna kashi 7 suna da ɓarnar BRCA1, kashi 4 kuma BRCA2. Masu irin wannan akwai ƙwayar olaparib, kuma sanin hakan yana amfanar 'ya'yansu mata da 'yan'uwansu su fara duba kansu da wuri.

Da aka nemo takardar sai aka ga sunan kansar kawai aka rubuta, ba a yi ukun ba, saboda a lokacin an ce sai an ƙara kuɗi kuma ba wanda ya yi wa iyalin bayanin amfaninsu, su kuma suka ga ai an riga an san ciwon. Wata takwas kenan da ɗibar naman. Yayata ta koma ɗakin gwajin da lambar da ke jikin takardar, ta yi kwana biyu tana sintiri, a rana ta uku wani ma'aikaci ya fito mata da ɗan bulon kakin a cikin ambulan, ta kira ni tana kuka tana cewa ashe yana nan, ashe bai ɓata ba. Daga cikin kuɗin da aka fara tarawa na Indiya aka cire na gwajin, aka aika da shi, an ce a dawo bayan sati biyu.